Igiyar da Gwaggo Take Auna Rijiya

Gwaggo ta rasu wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gusau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai ita ya karɓi abarsa, kuma ta tafi ba ta wahalar da kowa ba, kwana biyu kacal ta yi a kwance. Kafin azahar an kai ta. Kafin la'asar zauren gidanmu na Wonaka ya cika, har an ƙara tabarmi a gindin durumi.

Na zauna cikin masu karɓar gaisuwa ina sauraron abin da mutane ke faɗi, kuma wallahi abin ya ƙona mini rai. A garinmu in dattijo ya mutu ba a rasa abin yabo. Sai ka ji an ce mai kyauta ne, ko da kuwa a rayuwarsa bai taɓa gutsura wa yaro ƙuli-ƙuli ba. Gwaggo kuwa aka rasa ta cewa. Kowa ya zo sai ya ce, “Allah shi jiƙanta, Allah shi ba da haƙuri,” ya shafa, ya koma yana duban ƙasa. Wani tsoho ya yi ta maza ya ce, “Ai ta sha tahiya.” Daga cikin gida na jiyo wata tana cewa, “Baiwar Allah, ba ta bar baya ba,” wato ba ta bar ɗa ko jika ba. Iyakar yabon da ta samu ke nan a ranar farko.

Mutum ɗaya na ga ya zubar da hawaye. Washegari wani tsohon marini ya iso daga Bungudu, hannuwansa baƙi ƙirin da shuni har gwiwa. Ya durƙusa gaban Baffa, ƙanen Baba, wanda shi ne babban gida tun da Baba ya rasu. Ya ce, “Shekara goma sha ɗaya rabon da ta kawo mani ɗiya marina. Na aza hushi taka yi da ni. Kullum ina cewa in zaka in ba ta haƙuri.” Ni da na san dalili na sunkuyar da kai.

A wannan rana ce matan da ke share ɗakinta suka jawo wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gado. Sun zaci tufafi ne. Da suka buɗe sai ga saɓar maciji, da ƙoƙon kan wani tsuntsu, da wani baƙin dutse mai ramuka, da tsofaffin duwatsun wuya, da guntun farin tangaran. A can ƙasa kuma ga wata doguwar igiya siririya a naɗe, an ɗaɗɗaure ta da guntayen zare, wasu shuɗɗa wasu farare, ƙulli bayan ƙulli. Ɗaya ta yi salati ta saki murfin. Kafin rana ta faɗi magana ta zagaye gari: ashe abin da ake faɗi a kan tsohuwar nan gaskiya ne, ga kayan sammu an gani, kowane ƙulli rai guda ne. Baffa ya sa aka rufe adudun, ya ce ranar sadakar uku za a nuna wa Liman a ƙone.

Ba adudun ne ya dame ni ba, sunanta za a ƙone. In aka cinna wa kayan nan wuta a gaban jama'a, to an gama yanke mata hukunci, kuma jikokinmu za su taso su ji cewa an taɓa yin wata muguwar tsohuwa a gidanmu. Shi ya sa nake son in faɗi wace ce ita, tun ina da baki.

Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure a Furfuri, ta haihu huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta ce ita da aure sai a lahira, ta sayi jaki ta shiga fataucin zare da kanwa. Doguwa ce siririya, muryarta kamar ta namiji, kuma tana da wani hali da ke ba mutane haushi: ba ta iya ganin abu ba ta juya shi ba. Ko faifai aka miƙa mata sai ta kifa shi ta ga inda aka fara saƙar. In ka kawo mata labari ka ce “an ce,” sai ta ɗaga hannu. “Tsaya nan. An-ce ba shi da gida, balle a bi shi a tambaya. Kai mi kag gani?”

Kowace shekara in an kai damin dawa na ƙarshe rumbu, sai ta fito tsakar gida ta buga ƙafa ta ce, “Wa za shi ganin duniya?” Mu kuwa dama mun kwana bakwai muna jira. Takan kwashi yaran gida biyar ko shida, 'ya'yan Baba da na Baffa, ta ɗora ƙanana a kan jaki, manya mu bi a ƙasa. A wurin iyayenmu sunan tafiyar ziyarar dangi, kuma ba ƙarya, muna kwana gidajen dangi a Furfuri da Gusau da Tsafe. Amma gaisuwa ba ta ɗaukar Gwaggo lokaci. Kafin a gama “ina wajen su wane” ta tattara mu ta yi waje. Dokarta ɗaya ce: kowane yaro ya kawo tambaya guda a yini. Wanda bai kawo ba babu shi babu dakuwa. Ni da son dakuwa, har tambayar gobe nake tanada.

A Furfuri ta fara kai mu bakin gulbi wajen masu lambu, inda ake ɗebo ruwa da jigo. Ina ɗan shekara takwas ta sa ni na ja, sai ga babban guga cike da ruwa ya taso kamar ba komai. Na fara hura hanci, ina duban 'yan'uwana. Ta yi wa mai lambun raɗa, ya cire curin lakar da ke ɗaure a gindin sandar, ta ce in sake. Na ja, na ja, guga ya ce bai san zance ba, ƙarshe ni ya jawo na faɗa cikin taɓo. Ta yi dariya har da riƙe ciki. “To sarkin ƙarhi, wa ad da ƙarhin, kai ko laka?” Har yau in na ga mutum yana taƙama da abin da ba nasa ba, curin lakar nan nake tunawa.

Daga nan sai marinar Bungudu, wajen tsohon nan mai baƙin hannu, lokacin yana da sauran ƙuruciya. Tun daga gida Gwaggo takan yanko guntun farin zare, kamu ɗaya, ta ajiye wa ƙaramin cikinmu. Shi zai tsoma a ramin shuni da hannunsa. Zare ya fito kore shar, muna kallo, muna kallo, sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonmu. “Wa yar rina shi,” in ji ta, “ruwa ko iska?” Muka yi ta gardama. Ta sa aka tsoma wani aka bar shi cikin ƙoƙon ruwan ba a fitar ba, shi bai juya ba. Na tambaye ta me ya sa iska ke yin haka. Ta ce, “Ban sani ba, ɗana. Amma dai mun gani.” Ita ce babba ta farko da na taɓa ji ta ce wa yaro ba ta sani ba, kuma ko a jikinta.

A hanyar Gusau akwai turakun wayar tangaraho da Nasara suka kafa. Yaran ƙauye ba sa raɓar su, wai aljanu ne ke gudu a ciki da saƙo. Gwaggo ta jera mu kowa ya manna kunne. Muka ji wani gurnani, wani ƙanena, ɗan Baffa, ya saki fitsari. Gwaggo ta bari sai da muka dawo ta wurin, ranar da ko ganye ba ya motsi, ta ce mu sake saurara. Shiru. “Halan aljanun sun tai kasuwa,” in ji ta. A gindin turken nan ta tsinci guntun farin tangaran da ya faɗo daga sama, ta jefa a jakarta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gindin duwatsun Tsafe, inda maƙera ke narka tama su fitar da ƙarfe. Su ba sa barin mace ta kusanci wutarsu. Sai ta tsaya can nesa ƙarƙashin wata kuka, ta riƙe jaki, ta tura mu maza. “Ku tai ku gano mani. Kada ku bar komi.” Muka ga an zuba jan dutse da gawayi, ana ta zuga, har wani abu kamar kunu mai wuta ya malalo. Na dawo a guje na ce, “Gwaggo, an ce dutsen ne ke haihuwar ƙarfe.” Ta murɗe mini kunne. “An ce? Don an-ce na aike ka? Koma.” Na koma sau uku. A na ukun na kawo mata wannan baƙin dutse mai ramuka, kashin maƙera, da sauran ɗuminsa. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu, tana tambayata launin wutar, da ta inda ruwan ya fito, da wanda ya fara daskarewa. Shekara goma sha biyu tana kai yara wurin nan, ita ba ta taɓa ganin abin da idonta ba. Lokacin ban ga komai a ciki ba. Yanzu in na tuna ta tsaye a gindin kukar nan tana miƙa wuya, sai in gane abin da aka hana ta.

Ƙarshen tafiya kullum 'Yandoto ne, tsohon garin malamai. A cikin kufai akwai wata tsohuwar rijiya da Fulanin rugar kusa ke shayar da dabbobi. Nan Gwaggo takan fito da igiyarta, ta ɗaura dutse a baki, mu zura a hankali har mu ji ya taɓa ruwa. Daidai inda igiyar ta gogi bakin rijiya, nan ƙaramin cikinmu zai ɗaura shuɗin zarensa na Bungudu. Sai mu jawo mu gwada da na bara. In na bana ya fi kusa da dutsen, ruwa ya taso, damina ta yi kyau. In ya yi nisa, ƙasa ta sha ƙishi. Ba ta yarda a ƙulla igiyar kanta, ta ce kowane ƙulli yana cin tsawo, awon zai yi ƙarya. Kuma ba ta yarda a je kafin kaka ko a bari sai bazara, sai lokaci ɗaya kowace shekara.

Ni bahago ne. A gida Baba har ɗaure mini hagu yake yi da tsumma don in koyi dama. Shekarar da ya zama ni ne ƙarami, na kama zare da dama ina ta fama, yana zamewa. Gwaggo ta duba hagu ta duba dama kamar mai shirin sata, ta ce, “Bahagon Allah, babanka na Wonaka. Ɗaura da wanda Allah yab ba ka.” Na ɗaura. Ƙullina ya kwanta a karkace, saɓanin na kowa, ta ce a bar shi haka.

Ita da Baba kuwa kullum a kan tafiyar nan suke. Na tuna ranar da ya shigo yana huci. “Yaya, kina ɓata mani ɗiya. Jiya yaron ga ya tashi gaban mutane ya tambayi malaminsu mis sa wata ka bin mutum in yana tahiya.”

“To, mi malam yac ce?”

“Bulala yab ba shi.”

“Ashe shi ma bai sani ba,” in ji Gwaggo, ta ci gaba da kaɗinta.

Kwana bakwai Baba bai gaishe ta ba. Amma ita ta goye shi yana jariri, ba shi da bakin hana ta. Da kaka ta zagayo shi da kansa ya gyara wa jakin akumari, yana yi yana mita.

Sai shekarar yunwa. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, rumbuna suka kwana wayam. Baba ya ce bana ba inda za a je. Gwaggo ta ce dangin Tsafe suna da ɗan abin da suka rage, gara yara su je su ci na kwana goma. Da wannan ta ci galaba, kuma gaskiya ta faɗa, mun ci. A shekarar ƙanwata ce ƙarama, tana da shekara bakwai, mai surutu kamar kanari, wadda ba ta taɓa rasa dakuwa ba don tambayarta ta yini ta fi goma. Ni na riƙe igiya a ranar, ina ɗan shekara goma sha shida. Muka zura, muka zura, har na ji tsoron igiyar za ta ƙare kafin dutse ya taɓa ruwa. Ƙanwata ta ɗaura zarenta can kusa da wutsiya, nesa da na kowa. Ta ce, “Gwaggo, ina ruwan yat tai?” Gwaggo ta ce, “Baɗi mu zaka mu gani ko ya dawo.”

Kwana ashirin da komawarmu zazzaɓi ya kama ta a kan cikin da ba komai, ta rasu. Yara nawa suka mutu a Wonaka a shekarar, waɗanda ko ƙofar gari ba su taɓa fita ba? Amma zuciyar da ta yi rashi tana neman wanda za ta ɗora wa. Aka fara raɗa: an ce rijiyar kufai tana da masu ita, an ce zaren nan alkawari ne, an ce matar da nata ba su zauna ba ba ta son ganin na wasu. Inna, mahaifiyarmu, ba ta ƙara cin abin hannun Gwaggo ba har ta bar duniya. Aka yi shekara uku ana ba ta yaro ɗaya ko biyu da ƙyar, daga nan aka daina. In kaka ta yi sai ta ɗaure kayanta ta kora jakinta ita kaɗai, mu ce ta tafi fatauci.

Ni na san ƙarya ne. Da hannuna na riƙe igiyar, na san ba abin da ke ciki sai dutse da ruwa. Amma ban taɓa buɗe baki ba. Da farko na ce ni yaro ne. Da na girma na ce maganar ta wuce, kada a tono. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji a haɗa da ni.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda na yi da kaina. Da 'yata ta fari ta kai shekara shida, wata safiya bayan an gama kaka Gwaggo ta zo ƙofar sashena da soyayyar gyaɗa ƙulle a gefen zane. Ta tsufa a lokacin, sai ta dafa bango take zama. Ta ce, “Ɗana, ka ba ni ɗiyar ga kwana goma. Na ga tana da ido. Jiya na ishe ta tana tonon gidan tururuwa.” Maiɗakina tana bayan ƙofa tana girgiza mini kai. Na ce, “Gwaggo, mura taka yi. Sai baɗi.” Yarinya kuwa ga ta can tana tsalle a tsakar gida, lafiyarta lau. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. Na jira ta ce mini “mi kag gani,” ba ta ce ba. Ta ce, “Allah shi ba ta lahiya,” ta ajiye gyaɗar ta tashi. Shekara uku tana zuwa, shekara uku ina samo sabuwar cuta in ɗora wa yarinyar. A ta huɗu ba ta zo ba, ni kuma har daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an raba gumba, Baffa ya sa aka kawo adudun tsakiyar zaure. An riga an tara kara a waje. Liman mutum ne mai tsoron Allah, bai yi gaggawa ba. Ya ce, “Jama'a, zato zunubi na. Kahin a sa wuta, akwai wanda yas san mi ak kayan ga?” Na duba zauren. Mutum biyar na ƙirga waɗanda suka hau jakin nan tare da ni, har da mai fitsarin tangaraho, yanzu da gemunsa. Kowa ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa. Wani daga baya ya ce, “Ai Malam, an daɗe ana hwaɗi. An ce…”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina yana cewa, “An-ce ba shi da gida, balle a bi shi a tambaya.” Baffa ya ce, “Kai, zauna.” Na ce, “Baffa, ka yi mani haƙuri, shekara goma sha biyar ina zaune.”

Na durƙusa na fara fitar da kaya ɗaya ɗaya. Wannan kashin maƙera ne, ni na ɗauko shi a Tsafe. Wannan tangaran na kan turken waya ne. Duwatsun wuyan nan ruwa ke tono su a kufan 'Yandoto, kowa ya je bayan damina zai tsinta. Saɓar macijin nan ta nuna mana ce don mu ga har fatar idonsa yake tuɓewa, ku duba, ga gurbin nan. Liman ya karɓa ya ɗaga wajen haske, ya ce, “Ikon Allah.” Sannan na warware igiyar, ta ratsa zaure ta fita har waje. Na gaya musu yadda ake auna rijiya. Na nuna musu ƙullina na bahago. Na kama wani na ce wa ɗan Baffa, “Wanga naka na, ko ka manta?” Ya rufe fuska da hannun riga. Na bi igiyar har wutsiya, inda wani shuɗin zare yake shi kaɗai. Na ce wannan na ƙanwata ne, shekarar yunwa, ga inda ruwa ya kai, ku da kuka binne 'ya'yanku a shekarar ku gaya mini ko su ma rijiya suka je.

Liman ya ce, “Shuɗɗan mun ji. Hwararen fa?”

Nan na tsaya, don ban san su ba. A zamaninmu ba a ɗaura fari. Na ƙirga shuɗɗa goma sha biyu, daidai da shekarun da ta yi tana kai yara. Farare goma sha ɗaya, dukansu ƙulli ɗaya ne, tsaf, irin wanda take ɗaure bakin buhun kanwa da shi. Sai tsohon marinin, wanda bai koma ba tukuna, ya ce a hankali, “Goma sha ɗaya. Ba ta da wanda za shi tsoma mata.”

Ashe duk shekarun nan da muke cewa ta tafi fatauci, rijiyar take zuwa. Tana yanka zaren kamar kullum, ta bi ta bayan marina ba ta tsaya ba, ta je ta ɗaura da kanta. A gindin adudun na sami wani guntun fari, kamu ɗaya, sabo. Na bana ne.

Liman ya naɗe igiyar da hannunsa ya miƙa mini. Ya ce a watsa karan nan, kuma duk wanda ya san ya ci naman baiwar Allah ya nemi gafara tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Da yamma na ga Baffa ya nufi maƙabarta shi kaɗai.

Bayan sadakar arba'in, an gama kai dawa rumbu, na ɗaura wa jakinta akumari. Maiɗakina ta buɗe baki, ta dubi fuskata, ta rufe, ta je ta daka mana dakuwa. Na ɗauki 'yata da ƙanenta. Muka bi ta Furfuri, suka ja jigo. A Bungudu yarinyar ta tsoma farin zaren adudun, don ko da ba ita ce ƙarama ba ita Gwaggo ta nema, ya fito kore ya koma shuɗi, ta yi ihu, tsohon ya juya baya yana share ido da kafaɗa. A Gusau muka tsaya suka ga jirgi, wanda Gwaggo ta yi ta cewa sai ta leƙa cikinsa ta ga abin da yake ci, Allah bai nufa ba. Suka yi mini tambaya ta fi ɗari. Mafi yawa na ce ban sani ba, kuma na ji kalmar ta yi mini nauyi a baki, ita da take fitar da ita kamar ruwa.

Muka isa rijiyar da hantsi. Wata dattijuwar Bafillata tana shayar da maruƙa. Da ta ga igiyar ta saki guga. “Ina mai igiyag ga?” Na gaya mata. Ta yi salati, ta zauna a kan dutse. Can ta ce, “Duk shekara sai ta zaka. Ɗiyanmu ka kama mata igiya, don hannunta ya fara rawa. Amma ko sun yi kuka ba ta bari su ɗaura zaren. Sai ta ce yana da mai shi, riƙo taka yi mata. Kullum in za ta tahi sai ta ce mani, baɗi da ɗiyar ɗana za ni zaka, tana da ido, mura ta ka hana ta.” Ta dubi 'yata sama da ƙasa. “Ita ta wagga? Ta warke?”

Na ce, “Ta warke, Inna.”

Muka zura igiya. Dutse ya taɓa ruwa da wuri, don daminar bana ta yi albarka. Yarinyar ta durƙusa ta ɗaura shuɗin zarenta, ya faɗa tsakanin farare biyu. Ta ɗago ta ce, “Baba, mis sa ba mu zaka da Gwaggo ba tun tana nan?” Wannan karon na san amsa, don haka ban ce ban sani ba. Na ce, “Ni na hana.”

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da 'ya'yanta huɗu da ƙanwata mai tambaya. Allah ya nuna mata abin da aka hana ta gani a duniya, ta gani da idonta, ba aike ba. Mu kuma da muka ji an ce muka yi shiru, Allah ya sa ta yafe mana.